Filin Tambaya da Amsa: Diflomar Shari'a, Karatun Ƙarshen Mako da Hanyar Zama Lauya

Wasiƙun da suka iso mana a wannan wata sun fi karkata ga batu guda, wato karatun shari'a ga mutumin da aiki ko hidimar iyali suka hana shi zaman aji daga Litinin zuwa Juma'a. Mun zaɓi huɗu daga cikinsu, mun taƙaita su, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba a wannan fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Barista. Ni ma'aikacin kotu ne, shekarata 14 ina rubuta ƙara da ajiyar fayil a wata kotun shari'ar Musulunci. Ina da mata da 'ya'ya biyar, kuma da albashin nan muke ci, saboda haka ajiye aiki ba ya cikin lissafina. Kwanan nan wata kwalejin shari'a da ke kusa da mu ta fitar da sanarwar ɗaukar ɗalibai a diflomar Shari'a da dokokin ƙasa, karatun Asabar da Lahadi. Shin idan na kammala zan iya wucewa Makarantar Horas da Lauyoyi, in sa baƙar riga in tsaya wa mutane a kotu? Shekaruna 38 da haihuwa, ko dai na makara? Daga mai karatu a Jihar Bauchi.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Bari in fara da tambayarka ta ƙarshe, domin ita ce mai sauƙin amsa: ba ka makara ba. Gemu ba ya hana ilimi, kuma ba a rasa masu furfura a cikin sababbin lauyoyin da ake rantsarwa, wasu ma bayan sun yi ritaya daga aikin gwamnati. Amma tambayarka ta farko amsarta a'a ce, kuma na fi son ka ji wannan a'a ɗin yau da ka ji ta bayan ka zuba shekaru da kuɗin cefanen gidanka. Difloma, ta ƙarshen mako ce ko ta kullum, ba ta kai mai ita Makarantar Horas da Lauyoyi kai tsaye, ba ta kuma ba shi izinin tsaya wa kowa a gaban alƙali da sunan lauya.

Hanyar zama lauya a Najeriya guda ce, ƙofofinta uku, kuma ba a tsallake ɗaya a faɗa wata. Ta farko ita ce digirin lauya, wato LL.B, daga tsangayar shari'a ta jami'ar da Hukumar Kula da Jami'o'i, NUC, ta amince da ita, sannan Majalisar Kula da Ilimin Lauyoyi, wadda ake kira Council of Legal Education, ita ma ta sa mata hannu. Shekara biyar ake yi idan ta jarrabawar JAMB aka shiga, huɗu kuma ga wanda aka ɗauka kai tsaye zuwa aji biyu. Ta biyu ita ce shekara guda a Makarantar Horas da Lauyoyi, wadda dokar 1962 ta samar, ta buɗe a Janairun 1963 a Titin Igbosere da ke Legas da ɗalibai takwas kacal, ta mayar da hedikwatarta Bwari a Abuja a 1997, yau kuma tana da rassa a Legas, Enugu, Yenagoa, Fatakwal, Yola da Bagauda ta Jihar Kano. Ta uku ita ce rantsarwa, inda majalisar manyan alƙalai da lauyoyi da ake kira Body of Benchers take karɓar mutum, sannan a rubuta sunansa a kundin lauyoyi da ke Kotun Ƙoli. Wanda sunansa ba ya cikin wannan kundi, doka ba ta san shi da lauya ba, komai zurfin saninsa.

Sai dai kada wannan ya sa ka raina kwalejin da ke kusa da ku, domin irin wannan makaranta ta girmi duk tsangayoyin shari'a na jami'o'inmu, kuma domin irinka aka fara kafa ta. A 1934, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka buɗe makarantar shari'a a Kano, aka ɗauko malamai daga Sudan domin horas da alƙalai da ma'aikatan kotunan En'e na lardunan Arewa, kafin a 1947 a sauya mata suna zuwa Makarantar Nazarin Larabci, wadda kowa ya fi sani da SAS. Marigayi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya zama Alƙalin Alƙalan Arewa a 1962, ɗalibinta ne. Haka kuma da aka kawo kundin hukunta laifuffuka da muke kira Final Kod a 1960, a Cibiyar Koyon Aikin Mulki da ke Kongo a Zariya aka riƙa tara alƙalan da ke bakin aiki ana yi musu gajerun kwasa-kwasai, su koma kotunansu da abin da suka koyo. Kwalejojin da jihohi suka kafa daga baya, irin su ta Aminu Kano a Kano, ta A.D. Rufa'i a Misau, ta Mohammed Goni a Maiduguri, ta Atiku Abubakar a Nguru, da na Ringim da Yola, wannan gadon suka ɗauka, ko da yake da dama daga cikinsu yanzu sun haɗa da horas da malaman makaranta.

Na taɓa koyarwa ranakun Asabar a ɗaya daga cikin irin waɗannan kwalejoji, kuma har yau ban manta da wancan aji ba. Kafin ƙarfe takwas babura sun jeru a gindin darbejiya, wasu da ƙurar tafiyar awa biyu a jikinsu. A cikin ajin akwai ɗan sanda mai igiya uku, akwai limamin wani ƙauye, akwai matar aure da ke barin goyonta wajen ƙanwarta a barandar aji, sai ma'aikatan kotu da suka fi kowa yawa. Wata rana malamin da ke koyar da rabon gado ya rubuta mas'ala a allo ina zaune a baya ina jiran lokacina: mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, da mahaifiya, da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya. Bai ajiye alli ba wani dattijon magatakarda ya ɗaga hannu ya ce asalin mas'alar daga 24 ne, mata tana da tumuni, uwa tana da sudusi, saura 17 ba za su rabu biyar ba sai an buga, don haka a mayar da ita 120, mata ta ɗauki 15, uwa 20, 'ya mace 17, kowane namiji 34. Shekara da shekaru yana yin wannan lissafi a bayan alƙali, abin da ya rasa kawai shi ne takardar da za ta shaida ya iya, da kuma sanin dalilin da ke ƙarƙashin abin da hannunsa ya saba. Waɗannan biyun su ne kwalejin take bayarwa, kuma ba ƙananan abubuwa ba ne ga ma'aikacin kotu.

A wajen aikinka, diflomar tana iya taimaka maka wajen ƙarin girma da sauyin layi zuwa rajistara, kuma naɗin alƙalan ƙananan kotunan shari'ar Musulunci yana hannun hukumar kula da ma'aikatan shari'a ta kowace jiha bisa dokar jihar, don haka can za ka tambayi takardar da suke nema a yanzu. Akwai ma wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Sashe na 276 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 bai wajabta sai lauya ne zai zama Ƙadi a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta jiha ba; ya buɗe hanya ta biyu ga wanda ya riƙe takardar shaida a fannin shari'ar Musulunci tsawon shekara 10 daga makarantar da Majalisar Shari'a ta Ƙasa, NJC, ta amince da ita, matuƙar yana da doguwar gogewa a aikin ko kuwa fitaccen malami ne a fannin. Ban ce kowace difloma ta cika wannan sharaɗi ba, NJC ce ke da ta cewa, kuma a yau da masu digiri za ka yi takara. Na kawo shi ne domin ka san baƙar riga ba ita kaɗai ce makomar mai ilimin shari'a ba.

Idan kuwa lauyan ne dai burinka, to diflomar tsani ce zuwa shiga jami'a kai tsaye, abin da ɗalibai ke kira DE, amma ganin Dala ba shiga birni ba ne. Guraben ba su da yawa, kuma kowace jami'a tana da jerin diflomar da take karɓa da matakin sakamakon da take nema. Kafin ka sayi fom, ka je ofishin rajistaran kwalejin da ƙafarka ka tambayi abu uku: wace jami'a ce take da alaƙa da su a rubuce, waɗanne jami'o'i ne suka ɗauki ɗalibansu zuwa aji biyu a 'yan shekarun nan, sannan ko takardar 'yan ƙarshen mako daidai take da ta 'yan kullum a wajen waɗannan jami'o'i. Daga nan ka je jami'ar da kake hari ka tabbatar da abin da aka faɗa maka. Ka kuma ciro sakamakonka na sakandare ka duba, domin mafi yawan jami'o'i suna neman kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da Adabin Turanci da Lissafi, wasu kuma suna neman Larabci ko darasin addinin Musulunci ga mai son ɓangaren Shari'a. Adabin Turancin nan ya tsayar da mutane da yawa da na sani a bakin ƙofa bayan sun fito da sakamako mai kyau a difloma. Idan ba ka da shi, ka zauna jarrabawar WAEC ko NECO ta masu zaman kansu tun kana shekarar farko, tun da ba a fafe gora ranar tafiya. Abu na ƙarshe shi ne hutun ƙaro karatu: digirin na cikakken lokaci ne, shekara huɗu da ɗaya ta Makarantar Lauyoyi, saboda haka ka fara bin hanyar samun izini a rubuce daga hukumarku tun yanzu. Shawarata ita ce ka shiga diflomar, ka yi ta da gaske, ka nemi sakamako mafi girma.

TAMBAYA: Barista, barka da aiki. Ni malamar sakandare ce, matar aure, ina da digiri a Nazarin Addinin Musulunci. Wani ya kawo mana takardar talla a makaranta cewa an buɗe cibiyar karatu a garinmu, ana yin digirin lauya ranakun Juma'a da yamma da Asabar a azuzuwan wata makarantar kuɗi, kuma wai reshe ne na wata jami'a da ke wata jiha. Maigidana ya amince domin ba sai na bar gari ba. Kuɗin da suke nema ba kaɗan ba ne. In biya? Daga mai karatu a Gusau.

AMSA: Malama, kada ki biya. Wannan sayen kifi a ruwa ne, kuma ina faɗin haka ba tare da na san masu cibiyar ba, domin matsalar tana cikin tsarin ne tun kafin a zo ga gaskiyar mutanen ko rashinta. Matsayin Majalisar Kula da Ilimin Lauyoyi shi ne ba ta karɓar digirin lauya da aka yi ta karatun wucin gadi ko karatu daga nesa, kuma amincewar da take bai wa jami'a ta tsangayar da ta je ta duba ce, da ɗakin karatunta da malamanta da kotun gwajinta, ba ta kowane aji da aka kafa da sunan jami'ar a wani gari ba. Tun 2001 gwamnatin tarayya ta ba da umarnin rufe irin waɗannan rassa na bayan fage da jami'o'i suka barbaza a garuruwa.

Labarin Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN, ya isa ishara. Jami'a ce ta gwamnatin tarayya, an kafa ta a 1983, aka dakatar da ita a 1984, aka farfaɗo da ita a 2002, kuma ta ɗauki ɗaliban lauya da dama, galibinsu ma'aikata masu iyali irinki. A 2015 Majalisar ta fitar da sanarwa a jaridu cewa ba ta amince da digirin lauya na wannan jami'a ba, NUC kuma ta dakatar da ɗaukar sababbin ɗalibai a sashen. Waɗanda suka kammala suka garzaya Babbar Kotun Tarayya da ke Fatakwal, ba su yi nasara ba a 2017. A 2018 aka yi wa dokar jami'ar gyara, daga baya kuma aka buɗe wa waɗanda suka riga suka kammala wata hanya ta kwas na musamman na share fage kafin su shiga Makarantar Lauyoyi, bayan wasu sun shafe shekaru suna jira da takarda a hannu. Idan ɗaliban jami'ar gwamnatin tarayya sun sha wannan wuya, ki auna abin da zai sami ɗalibar cibiyar da ke aron aji a makarantar kuɗi.

Ko a jami'o'in da aka amince da su ma akwai abin dubawa. Majalisar tana yanka wa kowace tsangaya adadin ɗaliban da za ta ɗauka a shekara, kuma jami'ar da ta zarce adadinta tana jefa ɗalibanta ne cikin dogon layin jiran gurbi a Makarantar Lauyoyi. A farkon 2025 hukumar JAMB ta sanar da dakatar da ɗaukar ɗaliban lauya a jami'o'i takwas sakamakon hukuncin da Majalisar ta yanke musu. Saboda haka ma'aunin farko mai sauƙi ne: duk gurbin digirin da bai fito ta manhajar CAPS ta JAMB ba, wadda aka fara aiki da ita a 2017, kuma ba ki iya buga takardar shaidar ɗaukarki daga shafin JAMB da kanki ba, to ba gurbi ba ne.

Na san wani bawan Allah, ma'aikacin ƙaramar hukuma, da ya yi shekara huɗu yana zuwa irin wannan cibiya. Ranar da ya zo wurina da takardunsa a cikin jakar leda, duk rasit ɗin da ya taɓa biya yana nan a jere an maƙale su da allura, har da na kuɗin rigar bikin kammalawa. Na juya su ɗaya bayan ɗaya ina neman takardar JAMB, babu. Ya sayar da gonar gado domin wannan karatu, kuma ba ni da abin da zan ce masa illa ya sake daga farko.

Zan faɗi ra'ayina a nan, domin abin yana damuna. Na fahimci dalilin Majalisar, tun da lauya yana riƙe da dukiyar mutane da 'yancinsu, wani lokaci har da rayukansu, kuma an ga irin ɓarnar da karatun je-ka-na-yi-ka ya haifar. Amma rufe ƙofar gaba ɗaya ya fi cutar da matan aure da ƙananan ma'aikata da mutanen karkara, waɗanda su ne suka fi sanin inda rashin lauya yake yi wa talaka ciwo. Wasu daga cikin manyan lauyoyin ƙasar nan daga gida suka yi karatu; Afe Babalola, wanda yau yake da jami'a tasa ta kansa a Ado-Ekiti, ta karatun daga nesa na Jami'ar Landan ya sami digirinsa. Da za a zaɓi 'yan tsangayoyi masu ƙarfi a ba su izinin karatun yamma na shekara shida, da adadi ƙayyadadde da jarrabawa iri ɗaya da ta 'yan safe, da an taimaki jama'a ba tare da an zubar da darajar aikin ba. Amma wannan fata ne nawa, ba doka ba ce, kuma ba zan so ki gina shekarunki a kan fatana ba.

Abin da ke hannunki ya fi abin da ake tallata miki. Mai digiri na farko da sakamako mai kyau tana iya neman shiga aji biyu kai tsaye, kuma jami'o'i irin su Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, Bayero a Kano da Ahmadu Bello a Zariya suna koyar da shari'ar Musulunci tare da dokokin ƙasa, inda karatunki na baya zai yi miki rana. Wannan yana nufin barin gida a lokacin zangon karatu, don haka maganar da za ku zauna ku yi da maigida ita ce ta yadda za a riƙe gida da yara a waɗannan watanni, da kuma neman hutun ƙaro karatu daga ma'aikatar ilimi.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ina zaune a Amurka shekara tara, ina aiki a wani asibiti da rana, kuma ina da digiri daga gida. Na sami wata ƙaramar makarantar lauya a jihar da nake, karatun dare ne, kuɗinta bai kai rabin na manyan jami'o'i ba, amma sun faɗa a fili cewa ƙungiyar lauyoyin Amurka, ABA, ba ta tantance su ba. Niyyata in yi aiki a nan na ɗan lokaci sannan in dawo gida. Me ka gani? Daga mai karatu a Amurka.

AMSA: Alhaji, Allah ya taimaka. A Amurka karatun lauya na dare tsohon abu ne mai daraja, kuma ba a ɗaukarsa a matsayin na bayan fage. Warren Burger, wanda ya zama Alƙalin Alƙalan ƙasar a 1969, da dare ya yi karatunsa a wata makaranta a birnin St. Paul ta Jihar Minnesota yana aiki a kamfanin inshora da rana, ya kammala a 1931. Makarantar Lauya ta Nashville a Jihar Tennessee misali ce ta irin wadda kake magana a kai: an buɗe ta a 1911 a matsayin makarantar dare a ginin ƙungiyar matasa Kiristoci ta YMCA, har yau karatun dare take yi na shekara huɗu, alƙalai da lauyoyin da ke bakin aiki ne suke koyarwa, kuma Albert Gore babba, wanda ya yi sanata, ɗalibinta ne. Hukumar jarrabawar lauyoyi ta Tennessee ta amince da ita, ABA kuwa ba ta tantance ta ba.

A nan ne ya kamata ka tsaya ka yi nazari, domin a can kowace jiha ita ke ba da lasisin lauya a cikin iyakarta. Wanda ya fito daga ɗaya daga cikin makarantu kusan 200 da ABA ta tantance yana iya zaman jarrabawar lauyoyi a kowace jiha, amma wanda ya fito daga makarantar da jiharta kaɗai ta amince da ita, a wannan jiha yake da tabbacin zama. Idan ya so ƙaura, wasu jihohin sai ya yi shekaru yana aiki kafin su saurare shi, wasu kuma ba sa karɓarsa. Makarantar da ta faɗa maka matsayinta a fili ta kyauta, saura kai ka tambaye su kashi nawa cikin ɗari na ɗalibansu ne suke cin jarrabawar jiha a zaman farko, da kuma nawa ne suke kaiwa ƙarshe daga cikin waɗanda suka fara. Ka kuma kwatanta da makarantun da ABA ta tantance masu tsarin dare ko na intanet, domin sun ƙaru: Mitchell Hamline a Minnesota ta fara haɗa zaman aji da karatun intanet a 2015, Jami'ar St. Mary's da ke San Antonio a Texas kuma ta fara digirin lauya na intanet zalla a 2022. Sun fi tsada, amma takardarsu ta fi tafiya nesa.

Maganar dawowa gida ita ce ta fi nauyi. Mai digirin lauya na ƙasar waje sai ya fara yin zangon share fage a Bwari, wanda ake kira Bar Part I, inda ake koyar da tsarin shari'ar Najeriya da tsarin mulki da dokar filaye da sauransu, sannan ya shiga shekarar da kowa yake yi. Majalisar da ba ta karɓar karatun wucin gadi na cikin gida ita ce dai za ta duba takardarka, kuma za ta kalli yadda aka yi karatun, ba sunan ƙasar kaɗai ba. Ka rubuta wa sakataren Majalisar wasiƙa da sunan makarantar da tsarin karatunta, ka nemi amsa a rubuce kafin ka biya dala ɗaya. Idan amsar ba ta zo yadda kake so ba, sai ka yanke shawara a kan cewa lauyan waccan jiha za ka zama, ka auna ko hakan ya ishe ka.

TAMBAYA: Yallaɓai, na gama diflomar shari'a shekara uku da suka wuce, ban sami gurbin jami'a ba. Na buɗe ɗan shago kusa da kotu ina rubuta wa mutane takardun cinikin fili da gida ana biyana, har an saba kirana Barista, na kuma sa aka rubuta hakan a allon shagon. Wani abokina ya ce laifi ne. Da gaske ne? Daga wani matashi a Jihar Jigawa.

AMSA: Ƙanena, abokinka ya gaya maka gaskiya, ka riƙe shi da kyau. Sashe na 22 na Dokar Lauyoyi ya haramta wa wanda ba lauya ba ya yi amfani da sunan lauya ko ya bar mutane su ɗauka shi lauya ne, ya kuma haramta masa shirya takardun da suka shafi fili da gida domin a biya shi. Laifi ne da ake gurfanar da mutum a kansa, kuma tabonsa yana iya hana ka rantsuwa ko da ka yi digirin daga baya, domin kafin a rantsar da mutum sai an bincika halinsa. Akwai kuma haƙƙin waɗanda kake rubuta wa. Takardar da lauya ya shirya tana ɗauke da hatimin ƙungiyar lauyoyi mai sunansa da lambarsa, kuma cinikin filin da ke da takardar mallaka ta gwamna yana buƙatar amincewar gwamna bisa Dokar Filaye ta 1978; wanda ya ba ka kuɗinsa yana zaton ya tsira, ranar da rigima ta tashi zai tarar abin da ke hannunsa bai kai yadda ya zata ba.

Iliminka yana da halastacciyar kasuwa. Ofisoshin lauyoyi suna neman mai difloma da ya san hanyar rajista da shigar da takardu a kotu, Dokar Taimakon Shari'a ta 2011 ta san da aikin mataimakan lauyoyi, ƙungiyoyin da ke bibiyar waɗanda ake tsare da su ba tare da shari'a ba da zaurukan sulhu suna buƙatar irinka, kuma zama a ƙarƙashin lauya zai ba ka abin da za ka riƙe kanka da shi har ka sake neman DE a zagaye mai zuwa. Shagon kana iya barinsa a matsayin wurin buga takardu da kwafi, duk wanda ya zo da maganar fili ka haɗa shi da lauya. Allon da ke ƙofa kuwa, ka sauke shi a cikin makon nan.